Gadon Jinya a Gidanmu na Kurna

Mutanen layinmu a Kurna har gobe "gidan 'yan Nijar" suke ce wa gidanmu, alhali ni da ƙannena duka a Kano aka binne cibiyarmu. Sunan bai taɓa damuna ba. Abin da na tashi na tarar shi ne, in naƙuda ta kama mace da tsakar dare, ko tsohuwa ta zame a banɗaki, ko an yi rasuwa ana neman mai wanka, ƙofarmu ake bugawa. Da can Iya ake nema, kakata. Da ta rasu aka koma neman Umma. Yanzu Umma na kwance, ni ake yi wa sallama. Mata kan ce, "Ai ku gado kuka yi." Da yabo suke faɗa, ni ma da hannu biyu nake karɓa. Sai dai 'yata ta fari ta tasa, na kuma lura idanu sun fara komawa kanta. Shi ya sa nake son in faɗi inda gadon nan ya samo asali, da abin da yake ci wa mai ɗauke da shi.

Iya 'yar Damargu ce, daga wani ƙaramin ƙauye a ƙasar Tanut, arewa da Damagaram. Farin 1973 ne ya tashe su. Gero bai yi ba, awaki suka bi shanu suka mutu, rijiya ta ƙafe. Suka daure har shekara ta zagayo. A 1974, shekarar da Saini Kunce ya kifar da gwamnatin Jori Hamani, kakana Malam ya ce tafiya ta kama. Shi da Iya, da mahaifiyarsa wadda idonta ya riga ya tafi, da Umma tana budurwa, da Kawu yana ɗan yaro. Suka biyo ta Damagaram da Matamai, suka tsallako ta Kwangwalam, suka wuce Daura da Kazaure, aka sauke su a Ƙofar Ruwa. A Fagge suka fara zama, ɗaki ɗaya a gidan haya, domin Fagge tun zamanin ayarin raƙuma masaukin mutanen arewa ce, ba a rasa wanda zai ce ya san garinku. Malam ya yi ga-ruwa, ya yi gadi a Kantin Kwari, daga baya Allah ya hore masa ɗan fili a Kurna, lokacin nan bakin gari ne.

Duk sanda aka zauna hirar zuwanmu Kano, wannan labarin na Malam ake bayarwa, kuma ya cancanci a bayar. Na Iya ne ba a cika taɓowa ba. A ƙauye in tsohuwa ta kwanta, ba mutum ɗaya ke jinyarta ba. Akwai faccaloli, akwai kishiya, akwai ƙannen miji da ke aure a bayan gida, ga jikoki birjik. Wannan ta dama kunu, waccan ta yi wanki, wata ta zo kwana. Duk wannan Iya ta baro a Damargu. 'Yar cikin birni, 'yar Yakasai ko Mandawari, ko yau uwarta ta kwanta, kafin azahar gwaggonni sun cika tsakar gida. Iya kuwa ita kaɗai ce da suruka makauniya, a garin da ko hanyar kasuwa ba ta sani ba. Ita ke ja mata sanda zuwa banɗakin haya da ake bin layi, ita ke tsefe mata kai, ita ke goga mata goro a magogi don haƙora sun zube. Ba wadda za ta karɓe ta ko na yini ɗaya.

Ga kuma tsoro. Bayan rikicin Maitatsine na Disambar 1980 a 'Yan Awaki, duk wanda harshensa ya nuna daga ƙetare yake sai aka riƙa yi masa wani irin kallo. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta ce baƙin da ba su da takardu su tattara su bar ƙasar. Mutanenmu da yawa suka koma, wasu suka lafe a cikin gida. Umma ta ce a watannin nan ko zazzaɓi ya kama yaro ba mai maganar asibiti, don kada a tambayi mutum daga ina yake. A irin wannan zaman Iya ta koyi abin da ta koya. Karɓar haihuwa a wurin wata tsohuwa Banufiya ta gani a Fagge. Dafa reza kafin a yanke cibiya, da wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, wata nas Bayarabiya 'yar Ilori da suka yi haya tare ta koya mata. Dukkansu baƙi ne a garin, kowacce ta ba 'yar'uwarta abin da ta zo da shi.

Abin da ya fi tsaya wa Iya a rai kuwa ya faru ne a 1984. A watan Afrilu gwamnatin Buhari ta rufe iyakoki, ga fari ya sake afka wa Nijar. Yunwar shekarar har yau mutanen can El Buhari suke ce mata. Ana cikin rufewar saƙo ya iso cewa mahaifiyar Iya ba lafiya. Maza kan bi ta daji su tsallaka, amma mace mai makauniya a ɗaki, wa za ta bar wa? Kafin a buɗe iyaka a 1986 an daɗe da binne tsohuwar. Iya ba ta ga jinyar uwarta ba, ba ta ga gawarta ba. Wata maƙwabciya ce a ƙauyen ta ɗauki jinyar, matar da ba su haɗa jini ba. Tun daga nan ba a taɓa kiran Iya ta ce ta gaji ba. In Malam ya yi ƙorafin fitar dare sai ta ce, "Malam, wata ta yi wa uwata. Bari in yi wa uwar wata."

Akwai tsoron Allah a cikin wannan, akwai kuma hangen baƙuwa. Wanda ba shi da dangi a gari dole ya nemo su, Iya kuma da jinya ta nemo mana namu. Ba ta taɓa yanka kuɗi ba. Sabulu, turmin zani, naman suna, abin da aka kawo shi ke nan. Amma da aka tashi aurar da ƙanwar Umma, matan da Iya ta yi wa wankan jego ne suka haɗa gara da kayan ɗaki. Da Malam ya rasu, 'ya'yan da ta yanke wa cibiya ne suka ɗauki makara. Yau in na ce "gwaggona ta Rijiyar Lemo" ko "innata ta Tudun Bojuwa", ba wadda muka haɗa kaka da ita.

Ina ƙarama ni ke riƙe mata ƙwarya in za ta wankan jego. Tun asuba za ta hura itace a ƙarƙashin garwa, ta zuba ganyen darbejiya da runhu, ruwa ya yi ta tafasa har ya canja launi. Ta zaunar da mai jego a kujera 'yar tsugunno, ta tsoma damin ganye ta riƙa fyaɗa mata a baya, a ciki, a cinya, tururi ya turnuƙe makewayi har ba na ganin fuskarta. Safe da yamma, har kwana arba'in. Bayan wanka sai kunun kanwa da yaji da ƙauri. Jariri kuma ta gasa masa cibiya da tsumma mai ɗumi, ta miƙe masa hannu da ƙafa, ta shafe shi da man kaɗanya tana yi masa kirari.

Umma ta karɓi aikin, amma ba ta karɓe shi ido rufe ba. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka lura masu jego da yawa a ƙasar Hausa na zuwa musu da kumburi da ciwon zuciya, suka danganta abin da yawan kanwa da tsananin zafin da ake gasa jiki da shi. Umma a wurin awo ta ji nas-nas suna faɗa, ta kuma ga wata mai jego da ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya gagare ta. Daga nan ta rage kanwa sosai, ta riƙa surka ruwan wanka, macen da aka ce tana da hawan jini kuma ta hana ta kunun ɗungurungum. Haihuwar fari ko wadda ta ga jini ya ɓalle, ba ta tsayawa, sai a nemo mota a tafi Asibitin Murtala. Sun sha rigima da Iya a kan wannan, Iya na cewa jegon da ba zafi wasa ne. Umma ba ta mayar mata da magana, sai dai ta yi abin da ta ga ya dace. Ina ganin a nan ta fi uwarta gaskiya, kuma mata da yawa a unguwar nan sun ci albarkacin taurin kanta.

Akwai wani abu da ban taɓa jin an faɗa a fili ba. Umma 'yar fari ce, ni ma 'yar fari ce, duk Bahaushe kuwa ya san abin da wannan ke nufi. Iya ba ta taɓa kiran sunan Umma ba, Umma ba ta taɓa kiran nawa ba. Da aka yaye ni ɗakin Iya aka kai ni, ban fito ba sai da aure ya fitar da ni. Iya ke ce min "kishiyata", ita nake yi wa shagwaɓa, a bayanta nake barci. Umma kuwa "ke" ce tsakaninmu, ko ta ce wa ƙannena, "Ku kira min yayarku." Ban tuna ranar da ta rungume ni ba. Amma duk sanda jinya ta taso a gidan nan, 'yar farin da aka yi wa kara ita ce a kai. Jikin da kunya ta hana ki taɓawa shekara arba'in, rana ɗaya ki wayi gari ke ke wanke shi.

Iya ta fara ruɗewa wajen 2004. Da la'asar sakaliya sai ta ɗaure 'yan tsummokaranta a ɗankwali, ta ce za ta Tanut, an aiko uwarta ba lafiya. Wasu suka ce aljanu ne, wasu suka ce a riƙa kulle ta. Umma ba ta taɓa kulle ta ba, ba ta kuma taɓa ce mata uwarki ta rasu ba. Sai ta yafa mayafi, ta karɓi ƙunshin ta ce, "To Iya, mu je tasha." Su fita su taka a hankali har bakin titin Katsina, su tsaya suna kallon motoci. Can Umma ta ce, "Iya, motar Damagaram ta tashi, sai ta gobe." Iya ta ce, "To, Allah ya kai mu." Su juyo gida, ta ci tuwo ta kwanta. Kusan kullum haka, har Allah ya karɓi ranta a 2008. Ba likitan da ya koya wa Umma wannan dabara. Ta san abin da ke cin uwarta tun 1984, ta ga ba amfanin sake kashe mata tsohuwar kowace yamma.

Kafin ciwon Iya, Umma dillaliya ce mai rufin asiri. Atamfa da leshi take ɗaukowa daga Kwari ta bi gidaje, tana da adashe biyu, tana tarin kuɗin kujerar Makka. Shekara huɗun nan suka cinye jarin, masu sayen kayanta suka koma wurin wasu, bayanta ya riƙe saboda ɗaga tsohuwa. Tana auna wa masu jego lafiya da ido, nata jinin kuwa ba ta taɓa zuwa an auna ba. Kawu yana Agege a Legas yana sana'arsa, yana aiko da kuɗi, yana zuwa da Sallah. Bai gaza ba, Allah ya saka masa. Amma ranar sadakar uku ina jin maza a zaure suna cewa, "Kai, ɗan nan ya riƙe uwarsa, ɗan albarka ne." Umma na tsakar gida tana wanke tabarmar da Iya ta cika a kai, ba wanda ya ambace ta. Ita ma ba ta ga abin ambato ba. Ni ce abin ya tsaya wa.

A damunar 2021 hawan jinin da ba a taɓa aunawa ba ya kayar da ita. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta sarƙe. Duk wanda ya taɓa jinya a asibitin gwamnati ya san yadda abin yake: nas ta yi allura ta ba da magani, sauran kuwa na mai jinya ne. Wanka, fo, ciyarwa, sayo magani, bin layin gwaji, kwana a tabarma a bakin baranda. Ɗakin mata kuma mace ake bari ta kwana. Ba a yi taro ba, ba a tambayi kowa ba. Ƙannena maza biyu suka dube ni, na dubi ƙasa, magana ta ƙare. Ina koyarwa a wata makarantar firamare ta kuɗi a lokacin. Na ɗauki hutu, hutun ya ƙare, aka ɗauki wata. Maigidana, Allah ya biya shi, ya yarda muka dawo gidan Kurna da zama.

Jinyar mai shanyewar jiki aiki ne na sa'a-sa'a. Duk bayan awa biyu sai an juya ta, dare da rana, in ba haka ba fatar ƙugu da diddige ta yi ja, ta salluɓe, ta zama gyambon da ke kai mutum kabari. Ana shimfiɗa leda, a ɗora zani mai ƙarfi a ƙarƙashinta daga kafaɗa zuwa cinya. In za a juya, ba hannunta ake ja ba, kafaɗar da ta shanye tana iya gocewa. Zanin ake kamawa, a tanƙwara gwiwa, a ja da nauyin jiki gaba ɗaya, sannan a tokare bayan da matashi, a sa wani tsakanin gwiwoyi. Abinci sai an zaunar da ita sosai. Kunu mai ɗan kauri ya fi ruwa-ruwa, don ruwa ne ke saurin ƙware ta. Cokali ta gefen hagu, mai lafiya, kaɗan-kaɗan, a jira a ga maƙogwaro ya motsa kafin a ƙara. In an gama a sa yatsa da tsumma mai tsabta a share kuncin dama, don abinci kan maƙale a nan ba ta sani ba. Rabin wannan masu gashin ƙashi na asibiti ne suka nuna min, rabi kuma na tarar hannuna ya riga ya sani, tun daga tsayuwar da na yi ina kallon Umma da Iya.

Ranar da na fara yi mata wanka a gida, ta juya fuska bango ta runtse ido, hawaye na bin gefen da ya shanye. Na tuna yadda take yi wa Iya: ba a tuɓe mutum gaba ɗaya, zani na rufe da shi, a buɗe inda za a wanke kawai a mayar a rufe, kuma baki ba ya yin shiru. Sai na kama ba ta labarin unguwa, wa ta haihu, wa aka sa wa rana, nawa kwanon shinkafa ya kai a Dawanau. Na yi mata alwala, na shafa mata man zaitun a diddige. Da na gama ta kama wuyan hannuna da hagunta ta riƙe, ta daɗe ba ta saki ba. Har yau ba ta kira sunana ba, ban kuma sa rai ba. A shekarun nan na san Umma fiye da duk shekarun da suka wuce, kuma wannan ba zan musanya shi da komai ba.

Amma ba zan ɓoye sauran ba. Barcina ya zama guntu-guntu. Bayana ya fara irin riƙewar nata. Bikin ƙawaye da sunan dangin miji duk na daina zuwa, har an daina gaya min. Albashina da nake taimakon gida da shi ya tafi. Akwai daren da nake zama a bakin gado bayan juyin ƙarfe biyu in ji kamar in fita titi in yi ta tafiya. Mai jinya ba ta da bakin faɗin wannan, don da ta buɗe baki za a ce, "Haba, uwarki ce fa, aljannarki ce." Na sani. Sanin bai hana baya ciwo ba.

Ƙanwata mai bi min tana Jidda. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku, ta bi ejan ta tafi aikatau shekara biyu kafin ciwon Umma. Aikin da aka ba ta a can shi ne kula da wata tsohuwa Balarabiya mai ciwon suga da aka yanke wa ƙafa. Ta ce mutanen gidan suna mamakin yadda ta iya ɗaga tsohuwar da yadda ba ta ƙyama, suna tambayarta ko ta yi makarantar jinya. Fasfonta na hannun kafili, ba ta fita sai da izini. Riyal ɗin da take aikowa ta hannun 'yan canjin Wapa shi ke sayen famfas na manya da maganin hawan jini da kuɗin adaidaita sahu zuwa gashi. In ta kira ta WhatsApp da dare, sai in juya mata waya ta ga Umma, ita kuma ta juya tata mu ga tsohuwarta tana barci. Ba ta cika minti biyar ba ta fashe da kuka ba. Abin da ya sami Iya a Fagge shi ya same ta a Jidda: tana riƙe da uwar wasu, tata na kwance a wata ƙasa. 'Ya'yanta uku kuma suna hannuna. Da muka nemi wata 'yar'uwar Umma ta zo daga Damagaram ta kama min, sai juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 ya zo aka sake rufe iyaka, ba a buɗe ta ɓangarenmu ba sai Maris na 2024. Kafin nan ita ma nata mijin ya kwanta.

To wa ke kama min? 'Yata. Tun tana aji huɗu na sakandare ta iya juyi, ta iya ciyarwa, ta iya gane in kakarta na son fo daga motsin ido. Umma "kishiya" take ce mata da karkataccen bakinta, su yi ta dariya. Maƙwabta suka fara cewa, "Ga magajiyar Iya nan." Bara ta ci JAMB, ta samu gurbi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Sai ga gwaggonnin unguwa suna zuwa ɗaya bayan ɗaya da shawara: ta haƙura da Zariya, ta nemi wata makaranta a nan kusa, ko ta jira shekara ɗaya, ai karatu ba ya wucewa. Ɗana da ke bi mata, ƙato ne yanzu, yana iya ɗaga kakarsa da hannu biyu ba nishi, amma ba wadda ta ce shi ya jira komai.

Wannan ne ya sa na tara ƙannena maza a ɗakin zaure bayan isha'i. Babban ya ce, "Yaya, ai ba mu gaza ba, duk wata muna kawowa." Na ce ban ce kun gaza ba. Na tambaye su, ayar Suratul Isra'i da ta ce in ɗayan iyaye ko dukansu suka tsufa a wurinka kada ka ce musu ko "uf", wa ta ware? Mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wa ya fi cancanta da kyautatawarsa, aka ce masa mahaifiyarka har sau uku, namiji ne. Wanda ya zo neman izinin jihadi aka tambaye shi ko iyayensa na raye, aka mayar da shi gare su, namiji ne. Uwaisul Ƙarni da malamai ke ba mu labarin darajarsa saboda hidimar mahaifiyarsa a Yaman, namiji ne. Mu ne muka raba abin, muka ce kuɗi na maza, kashi da fitsari na mata. Iya ta ɗauka ita kaɗai don ba ta da kowa a garin nan. Mu kuwa yanzu mun yi yawa, muna da gidaje uku a Kano, hannu ɗaya kuma ba ya ɗaukar jinka.

Ƙaramin ya ce, "Yaya, Umma ba za ta yarda mu ga jikinta ba." Gaskiyarsa, ni ma ba zan so ba. Na ce wanka da tsarki nawa ne, ban nemi kowa ya karɓa ba. Amma juyin dare ba ya buƙatar buɗe zani. Kai ta gashi, bin layin magani, motsa mata hannu da ƙafa, yanke farce, ciyarwa, zama da ita in je in yi barcin awa huɗu a jere, wanne ne a ciki ya haramta ga ɗa? Matansu kuma na ce kada a tilasta wa kowacce. Suna da nasu iyayen, kuma na ga gidajen da aka jibga wa suruka jinya aka wayi gari aure ya mutu. Wadda ta zo don Allah, madalla.

Ba a tashi taron da daɗi ba. Babban ya yi kwanaki ba ya ɗaga wayata. Amma ƙaramin ya fara zuwa daren Juma'a da na Asabar, ɗana ya karɓi juyin asuba kafin ya tafi masallaci. Daga baya babban ma ya ɗauki kai ta gashi ranar Talata da motarsa. Farkon zuwansu Umma ta ƙi cin abinci daga hannunsu, tana nuna ƙofa da hagunta wai a kira ni. Na ƙi fitowa, ina bayan labule ina jin ƙanena yana lallashi, "Haba Umma, cokali ɗaya, don Allah." Yanzu shi ya fi ni iya sa ta cinye kwano.

'Yata ta tafi Zariya. Kakarta ta yi fushi da ni mako guda, gwaggonnin unguwa har yanzu wasu na ganin na yi ganganci. In ta zo hutu tana kama aiki kamar da, ina kuma ci gaba da nuna mata abin da na sani, ita da ƙanenta tare, har wankan gawa na ce in ta ƙara hankali zan koya mata, da ganyen magarya da kafur yadda Iya ke yi. Ina so ta iya. Abin da ba na so shi ne a wayi gari an dube ta an yi shiru, magana ta ƙare.

Saura maganar ta Jidda. Kwantiraginta zai ƙare bayan babbar Sallah, mutanen gidan sun ce za su ƙara mata albashi in ta sabunta. Ita tana so ta dawo ta ga Umma da ranta, ni ma abin da nake so ke nan. Amma in ta dawo, kuɗin famfas da magani da makarantar yaranta uku sai an san inda za su fito. Na gaya wa ƙannena su zo da lissafin abin da kowa zai iya ƙarawa a wata, mu zauna ranar Lahadi kafin ta ba kafili amsa.